ZAƘIN TSIMI YA GUDU: A ƘARA ZUMA KO A ZUBAR?



Godiya ta tabbata ga Allah da Ya halatta mana masu daɗi, Ya haramta mana masu cutarwa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Shekaranjiya bayan sallar Isha'i, wani bawan Allah daga wajen Sunke ya jira har mutane suka watse, sannan ya matso ya durƙusa. Ya ce, "Malam, tambaya gare ni, amma kunya nika ji." Na ce masa babu kunya wurin neman sanin addini, ya faɗi abin da ke tafe da shi.

Ashe uwargidansa tana haɗa tsimi, irin wanda mata ke yi wa amare, har maƙwabta na saye wurinta. Za a aurar da ƙanwarta, sai ta haɗa jarka guda: rake, mazarƙwaila, dabino, kanumfari, citta, da sassaƙen itatuwa, ta zuba zuma kwalba biyu, ta rufe ta ajiye a ƙuryar ɗaki don ya tsimu. Kwana huɗu ta ɗanɗana, ta ji zaƙin ya tafi, sai wani ɗan kaifi a harshe. Ta sayo wata kwalbar zuma ta ƙara. A ranar zaƙi ya dawo. Bayan kwana biyu ya sake gudu, jarka ta kumbura kamar za ta fashe, in an murɗa murfi sai ta huro iska, kumfa ya taso.

Ya ce, "Ita tambayarta, zuma nawa za ta ƙara zaƙin shi tsaya. Ni kau tawa daban ta. Da tash sha kofi guda, tac ce kanta na juyawa, tay yi ta dariya babu dalili. Malam, wanga abu halas na?"

Na ba shi amsa a daren. Amma na san jarkarsu ba ita kaɗai ce a ƙasar Anka da Gummi da Bukkuyum ba, shi ya sa na nemi izninsa in rubuta, ba tare da na ambaci sunansa ba.

INA ZAƘIN YA TAFI?

Mu fara da sanin abin kansa, domin ba a yanke hukunci a kan abin da ba a sani ba.

Duk macen da ta taɓa kwaɓa fanke ko burodi ta san yis. Yis wasu ƙananan halittu ne masu rai da ido ba ya gani, kuma ba a cikin leda ta kanti kaɗai suke ba. Suna jikin ɓawon rake, suna jikin dabino, suna cikin iska, suna cikin ita kanta zuma. Abincinsu sukari. In sun ci sukari suna fitar da abu biyu: iskar da ke kumbura ƙullun fanke, da sinadarin barasa, wato abin da ke bugarwa a cikin giya.

To, zumar da ke cikin kwalba fa, me ya sa take shekara ba ta lalace ba? Saboda ruwan da ke cikin nunanniyar zuma kaɗan ne, bai cika kai kashi 20 cikin 100 ba. Ƙudan zuma ba sa rufe saƙa da kaki sai sun busar da ita. A cikin wannan kauri yis ba ya iya motsi. Amma ranar da kika surka ta da ruwa, kika rufe, kika ajiye a ɗaki mai ɗumi, kin tashe shi daga barci kin kuma ajiye masa akushi. Da bazara kuwa, lokacin da ma'aunin zafi ke haura 40 a ƙasarmu, aikin da zai yi a mako da hunturu sai ya yi shi a kwana biyu.

Kenan zaƙin da ya gudu daga jarka bai fita ta murfi ba. Yana nan ciki, rikiɗa ya yi. Gwargwadon zaƙin da harshenki ya rasa, gwargwadon barasar da ta samu.

Ƙara zuma kuwa gyaran gangar Auzinawa ne. A ranar farko zumar ta rufe kaifin, harshe ya yaudaru. Daga nan yis ya samu sabon abinci, ya ci, barasa ta ƙaru. Haka za a yi ta yi har barasar ta kai wajen kashi 12 zuwa 14 cikin 100, inda shi kansa yis ɗin yake gajiya. A nan ne zaƙi zai tsaya. Wato amsar tambayar baiwar Allah nan ita ce: zaƙin ba zai tsaya ba sai abin ya zama cikakkiyar giya, wadda ta ninka giyar kwalba ƙarfi. Wannan ita ce hanyar da masu yin giyar zuma ke bi da gangan. A Habasha suna da tasu, sunanta tej, zuma ce da ruwa da wani itace da suke kira gesho. Su sun san abin da suke dafawa. Tamu 'yar uwar ba ta sani ba, kuma rashin sani ya fi dare duhu.

ZUMA NI'IMA CE

Kada wani ya karanta wannan ya ce malam ya haramta zuma. Subhanallah! Sura guda a Alƙur'ani sunan ƙudan zuma take ɗauke da shi, Suratun Nahli, sura ta 16. A ayoyi na 68 da 69 Allah Ya ba da labarin yadda Ya kimsa wa ƙudan zuma yin gida a duwatsu da itatuwa da abin da mutane ke ɗaura musu, Ya kuma shaida cewa akwai waraka ga mutane a abin da ke fita daga cikinsu. Duk wanda ya taɓa ganin amya a saman ɗorawa ko tsamiya ya ga tafsirin ayar nan da idonsa. Nana A'isha (RA) ta gaya mana Manzon Allah (SAW) yana son kayan zaƙi da zuma. Kuma mun san labarin mutumin da ɗan uwansa ke fama da ciwon ciki, Annabi ya yi ta maimaita masa ya shayar da shi zuma har ya warke. Duka suna cikin Bukhari da Muslim.

Shi ma tsimi asalinsa halas ne. Abin da Larabawa ke kira nabizu, a karatun zaure tsimi muke fassara shi. Ana jiƙa wa Annabi (SAW) dabino ko zabibi a ruwa ya sha. Mace ta gyara kanta domin mijinta, ta gyara ƙanwarta domin gidan aure, wannan abin lada ne in niyya ta yi kyau. Magana a kan iyaka take, inda halas ya ƙare haram ya fara.

TAMBAYAR BA SABUWA BA CE

Kafin Hajjin Bankwana, Manzon Allah (SAW) ya aiki Abu Musa al-Ash'ari da Mu'azu bin Jabal zuwa Yaman. Abu Musa mutumin can ne, ya san abin da ake sha a ƙasarsu. Sai ya tambayi Annabi hukuncin abin sha iri biyu: ɗaya ana kiransa bit'u, tsimin zuma ne da ake bari ya yi ƙarfi, ɗayan mizru, na hatsi, ɗan uwan burkutu. Annabi bai tsaya kan sunan ko wanne ba, bai kuma tsaya kan abin da aka haɗa shi da shi ba. Ya ba shi ƙa'ida guda da ta haɗe duka: abin da ke bugarwa, ko mene ne shi, haramun ne. Hadisin na cikin Bukhari da Muslim.

Ku lura, 'yan uwa. An tambayi Annabi kan zuma, abin da yake so, abin da Alƙur'ani ya yaba, amma darajar zuma ba ta ceci bit'u ba.

Sayyidina Umar (RA) ma ya hau mumbarin Madina ya lissafa abubuwa biyar da ake yin giya da su lokacin da haramcinta ya sauka: inabi, dabino, zuma, alkama da sha'ir. Ya bayyana cewa ma'aunin shi ne lulluɓe hankali. Aya ta 90 a Suratul Ma'ida da ta umarce mu da nisantar giya ta shafi ta zuma kamar yadda ta shafi ta inabi.

Wata za ta ce, "Malam, ai ni rabin kofi nake sha, ba ya yi mini komai." Hadisin Jabir (RA) da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito ya rufe wannan ƙofa. Ana duba abin ne, ba kofin ba. In shan mai yawansa zai bugar, ɗan kaɗan ɗinsa ma ya haramta.

Wata kuma za ta ce, "Ai wannan tsimi ne, magani ne, ba giya ba." Annabi (SAW) ya riga ya yi gargaɗin cewa wasu daga al'ummarsa za su sha giya suna kiranta da wani suna. Wani sahabi, Ɗariƙ bin Suwaid, ya gaya masa yana yin ta ne don magani, Annabi ya nuna masa cuta ce ita. Tun watan Janairun 2000 aka fara aiki da shari'ar Musulunci a Zamfara, aka rufe gidajen giya, muna alfahari da haka. Abin kunya ne a kore ta daga kan titi, ta sauya suna ta dawo ta kwanta a ƙarƙashin gadon amarya.

YADDA AKE TSIMI A GIDAN ANNABI

Nana A'isha ta ce suna jiƙa masa a salka da safe ya sha da yamma, su jiƙa da yamma ya sha da safe. A wata ruwaya ta Abu Dawuda an ƙara cewa ana wanke salkar safe da yamma. Ibn Abbas (RA) kuma ya ruwaito, cikin Sahihu Muslim, cewa ana jiƙa masa zabibi ya sha a ranar, da washegari, har yammacin rana ta uku. Abin da ya rage sai a bayar a shanye nan take in bai canza ba, ko a zubar.

Imam Nawawi, a sharhinsa na Muslim, ya haɗa ruwayoyin biyu da cewa yini guda na lokacin zafi ne, kwana uku na lokacin da ba a tsoron saurin lalacewa. Saboda haka kada wata ta riƙe kwana uku a matsayin lasisi. Kwana ukun Disamba daban, na Afrilu daban. Ruwan bammi da zaƙinsa yake saukowa daga itace, amma kafin rana ta faɗi ya zama abin da kowa ya sani.

Abu Huraira (RA) ya taɓa yi wa Annabi tsimi a cikin gora, ya kawo masa don buɗa baki. Da aka duba sai ga shi yana tsattsafo da kumfa. Annabi ya umarce shi ya watsa shi jikin bango. Abu Dawuda da Nasa'i sun kawo shi. Abu Huraira da ƙauna ya kawo, amma kyakkyawar niyya ba ta hana a zubar ba.

Mu da muka tashi da karatun Risala ta Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, mun wuce wurin da aka hana yin tsimi a cikin duma da tulun da aka shafe da kwalta, da kuma hanin haɗa iri biyu wuri guda, kamar dabino da zabibi. Muna yara muna biyawa ba mu san dalili ba. Malamai sun ce dalilin shi ne waɗannan suna gaggauta ƙarfin tsimi, mutum ya sha yana zaton da saura. Daga baya Annabi ya sassauta maganar mazubi, kamar yadda hadisin Buraida ya nuna, da sharaɗin kada a sha mai bugarwa, amma Imam Malik ya ci gaba da ƙyamar waɗancan biyun. To ina ga jarkar roba mai murfi, wadda aka haɗa rake da dabino da mazarƙwaila da zuma a cikinta, aka bar ta mako guda cikin zafin ɗakin kwano?

BA KOWANE TSAMI NE GIYA BA

Nan kuma sai in ja kunnen masu wasiwasi. Nono da kindirmo suna da tsami, gasara da kamu suna da tsami, fura in ta kwana takan yi tsami. Wannan tsamin mafi yawansa aikin wasu halittu ne daban, kuma mutum zai sha ƙwarya guda ta fura da nono babu abin da zai same shi sai barcin ƙoshi. Fanke da burodi da yis ake yi, babu wanda ya taɓa buguwa da su. Kada mu haramta wa mutane abincinsu. Wanda ya haramta halas ya yi wa Allah ƙarya kamar wanda ya halatta haram.

Alamomin da za a kiyaye a tsimi, da zoɓo, da kunun zaƙi, da lemon citta, su ne in sun haɗu: zaƙi ya ragu ba tare da an ƙara ruwa ba, kumfa na tasowa da kansa, mazubi na kumbura ko murfi na huci, wari ya sauya ya yi kaifi, wanda ya sha ya ji ɗumi a ƙirji da nauyin kai. In kin ga haka, kada ki ce bari in sha da yawa in gwada.

Mutanen Sunke da Dareta da Abare da Bagega da 'Yargalma sun fi kowa sanin cewa guba ba ta sallama. A 2010 an niƙa dutsen zinariya a cikin gidaje, ana neman halas, ba wanda ya yi nufin cutar da ɗansa. Ƙurar dalma ba ta da wata alama da ido zai gane, amma yara sama da 400 muka binne a yankin nan, Allah Ya sa masu ceto ne. Ban ce tsimi dalma ne ba. Darasin da nake so mu ɗauka shi ne, abin da ake sarrafawa a tsakar gida, inda mata da yara suke, dole a san mene ne shi. Tsimin nan masu ciki na sha, masu shayarwa na sha, yaro in ya ga zaƙi sai ya kurɓa. Likitoci sun tabbatar barasa na ratsawa zuwa ga ɗan tayi ta cutar da ƙwaƙwalwarsa.

MAFITA

Musulunci ba ya rufe ƙofa bai buɗe wata ba. Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa lokacin da Sayyidina Umar ya je Sham, mutanen can sun kai masa kukan annoba da nauyin ƙasarsu, suka ce wani abin sha nasu ne kaɗai ke yi musu. Ya ce su sha zuma, suka ce ba ta karɓe su ba. Sai wani ya kawo shawarar a dafa ruwan inabin har kashi biyu cikin uku su ƙone, kashi ɗaya ya rage. Aka dafa aka kawo. Umar ya tsoma yatsa ya ɗaga, ya ga yana naɗo don kauri, ya ba su izinin sha. Dabarar da ƙudan zuma ke yi ita ce suka yi: a kore ruwa, zaƙi ya zauna.

Ga abin da nake ba iyayenmu mata da 'yan uwanmu shawara:

1. Ki gyara zaƙi a kofi, ba a jarka ba. Zumar ta zauna a kwalbarta. In za a sha a zuba cokali ɗaya ko biyu a motsa a shanye.

2. Kayan haɗin, ki dafa su sosai ki tace, ki mai da ruwan wuta har ya yi kauri kamar maɗi. In ana buƙata a ɗebi kaɗan a surka.

3. Abin da aka riga aka surka da ruwa, a yi daidai na yini guda. Da hunturu ma kada ya wuce kwana uku. Firji na rage saurin yis amma ba ya kashe shi, kuma kun san halin wutarmu.

4. A wanke mazubi da ruwan zafi kafin sabon haɗi. Masu zuba sabo a kan guntun tsoho wai don ya yi saurin tsimuwa, su sani iri suke dasawa.

5. Wanda ya riga ya juya, a zubar. Kada a ƙara masa zuma, kada a sayar, kada a bayar kyauta. Wani mutum ya kawo wa Annabi (SAW) kyautar salkar giya bai san an haramta ba. Da ya ji, sai ya yi shawarar sayarwa, Annabi ya sanar da shi cewa haramcin sha ya haɗa da na sayarwa. Nan take mutumin ya kwance bakin salkar ta tsiyaye. Wannan ma yana cikin Muslim da Muwaɗɗa.

6. Masu sayar da zuma, ku ji tsoron Allah. Zumar da aka yi wa algus da ruwa ko aka cire ba ta nuna ba, ita da kanta take kumfa a kwalba. Kun ci kuɗin haram, kun kuma jefa mai saye cikin abin da bai sani ba.

GAME DA ABIN DA YA WUCE

Wadda ta sha ko ta sayar cikin rashin sani, babu zunubi a kanta in sha Allahu. Ta yi istigfari, ta gyara gaba, ta kuma sanar da waɗanda ta sayar wa in akwai saura a hannunsu. Amma daga yau ta sani.

Na san akwai ciwo. Shiga daji ya yi wuya a shekarun nan, masu amya da yawa sun bar amyoyinsu a can, zuma ta yi tsada. Kwalba uku ba ƙaramin kuɗi ba ne ga matar ƙauye, wataƙila jarinta kenan gaba ɗaya. Amma ku tuna Anas bin Malik (RA) yana tsaye yana shayar da baƙi a gidan Abu Ɗalha lokacin da mai shela ya sanar da haramcin giya. Abu Ɗalha ya ce masa ya fita ya zubar, ta kwarara a lungunan Madina. Su ma dukiyarsu ce.

Ku kuma maza, kada wannan rubutu ya zama sandar dukan mata. Dominku ake wahalar nan. Na gaya wa mai tambayata, kada ya yi mata faɗa, ya gode mata da ta faɗi gaskiyar abin da ta ji, ya kuma ɗauki rabin asarar. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Malam, duka zan ɗauka, ni na ci amfanin na baya." Muka yi dariya. Jiya ya aiko mini cewa sun zubar a bayan gida, ta ɗora sabon haɗi a wuta, biki na nan ranar Juma'a.

Wanda ya karanta ya karanta wa na gida, domin yawancin masu jarkar nan ba su da waya a hannu.

Allah Ya ciyar da mu halas, Ya shayar da mu halas, Ya tsare mana hankulanmu da zuriyarmu. Allah Ya ba amare da angwaye zaman lafiya, Ya dawo mana da aminci a garuruwanmu da dazuzzukanmu. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren nawa ne, Allah Ya yafe mini.

Wallahu a'alam.

Wassalamu alaikum warahmatullah.